Maganin ciwon da ke cikin kanka: abin da ɓera ya koya wa likitoci, da abin da tiramol ke yi masa

Ka taɓa lura da wannan abu? Ana tsakiyar buga ƙwallo da yamma wani ya kai maka wawan taki a ƙwauri, ka miƙe ka ci gaba da gudu kamar ba a yi ba. Sai bayan magariba da ka shiga wanka ruwa ya taɓa wurin, sannan ka ji zogi har tsakar ka. Ko ke 'yar uwa, ranar bikin ƙawarki kina ta hidima wuƙa ta yanke ki wajen yanka albasa, ba ki ma sani ba sai da wata ta nuna miki jini a zane. Raunin yana nan tun farko. To ina ciwon ya shiga na tsawon awa biyu?

Masana sun fi shekara 50 suna bin sawun wannan tambaya, kuma mafi yawan amsar a jikin ɓera suka samo ta. A taƙaice, akwai wata hanya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta gangara cikin laka, aikinta shi ne rage ciwo tun kafin ya iso inda za ka ji shi. Da ita aka haife ka.

Abin da ya sa na kawo maganar wannan shafi shi ne, wannan hanya ce tiramol da kodin suke hawa. Daga Achilafiya zuwa Karkarna, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa da Babura, da wuya ka samu matashin da bai san wani mai haɗiyar ƙwaya kafin ya tafi ƙwadago ba. An yi wa'azi, an yi kame, an yi zagi. Abin da ba a cika yi ba shi ne a zauna a yi wa mutum bayanin abin da ƙwayar take taɓawa a jikinsa. Shi za mu yi yau.

Yadda ciwo yake tafiya

A ce ƙaya ta soke ka a gona. A fatarka akwai bakin wasu jijiyoyi siraran gaske masu ɗaukar saƙo. Wasu suna da sauri, su ne suke kawo sukar farko mai sa ka ɗage ƙafa. Wasu kuma a hankali suke tafiya, su ne masu kawo zogin da ke biyo baya. Duka biyun ba sa wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Sai sun fara tsayawa a laka, wato farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, su miƙa saƙon ga wata jijiya, ita kuma ta haura da shi sama. Sai saƙo ya isa ƙwaƙwalwa ta fassara shi sannan ka ce wayyo.

Wurin miƙa saƙon nan shi ne jigon labarin. Ɗauke shi kamar shingen jami'an tsaro a kan titin Kano zuwa Daura. Ba kowace mota ce take wucewa yadda ta zo ba: wata a ɗaga mata hannu, wata a sa ta faka, wata a juya ta. A shekarar 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa akwai irin wannan shinge a laka. Suka ce jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓawa da shafawa suna iya tare wa saƙon ciwo hanya. Shi ya sa idan yaro ya ƙume goshi uwarsa take murza wurin, kuma da gaske raɗaɗin yana raguwa. Iyayenmu sun daɗe suna yi, bayanin ne ya zo daga baya.

Amma mutanen biyu sun ƙara da wata magana da a lokacin ba su da cikakkiyar hujjarta: wai ƙwaƙwalwa ma tana iya aiko da oda daga sama a rufe shingen.

Ɓeran da aka yi wa tiyata ido biyu

Hujjar ta zo a 1969 daga wani mai bincike a Amurka, David Reynolds. Ya sa wata siririyar waya a wani ɗan gurbi mai launin toka a tsakiyar ƙwaƙwalwar ɓera, wanda masana suke kira PAG a taƙaice, ya riƙa tura wutar lantarki 'yar mitsitsiya. Yana cikin tura wutar aka buɗe cikin ɓeran aka yi masa tiyata, ba allurar barci, ba maganin kashe zafi, kuma ɓeran bai nuna alamar jin ciwo ba. Da aka ɗauke wutar, bayan ɗan lokaci jin ciwo ya dawo masa.

Mutane da yawa ba su gaskata ba. Sai a farkon shekarun 1970 John Liebeskind da David Mayer da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelos suka maimaita irin gwajin sau da dama. Suka nuna cewa ɓeran ba suma ya yi ba, ba kuma shanyewa ya yi ba. Yana yawo, yana jin an taɓa shi, ciwon ne kawai aka ɗauke.

Za ka ce, ta yaya ake sanin ɓera yana jin ciwo tunda ba ya magana? Akwai wani gwaji da ake yi tun 1941. Ana haska zafi a jelar ɓera a ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya fizge ta, kuma ana ɗauke zafin da wuri don kada jelar ta ƙone. Abin sha'awa shi ne, wannan fizgewa laka ce take yin ta da kanta, ba ta jiran izinin ƙwaƙwalwa. Don haka idan aka taɓa ƙwaƙwalwa sai jela ta daina fizgewa, ka ga ke nan akwai saƙon da ya sauko daga sama ya iske laka.

Allan Basbaum da Howard Fields su ne suka bi sawun hanyar a shekarun 1970. Suka gano cewa oda tana tashi daga PAG, ta yada zango a wata tasha a gindin ƙwaƙwalwa da ake kira RVM, daga nan ta bi wani layi a gefen bayan laka har zuwa shingen. Da suka yanke wannan layi a jikin ɓera, sai ƙarfin wutar ya daina isa ƙasan inda aka yanke, ƙarfin mofin ma ya ragu sosai. Daga baya aka tabbatar da sinadarai biyu da hanyar take amfani da su wajen isar da oda a laka: sirotonin da noradirenalin. Riƙe sunayen nan biyu, za mu dawo kansu.

Kwaɗo, makulli da raƙumi

Tun zamanin da mutane suka san cewa ƙaron wani fure da ake samun ofiyom daga gare shi yana kashe ciwo, kuma daga cikinsa ake fitar da mofin. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa a ƙwaƙwalwa akwai wasu gurabe na musamman da mofin yake shiga daidai wa daida, kamar makulli da kwaɗo. Sai tambaya ta taso: me zai sa a halicci mutum da kwaɗon da makullinsa yake jikin wani fure a Asiya? Lallai jiki yana da nasa makullin.

Wata ɗaliba 'yar asalin Dimashƙa ta ƙasar Siriya, Huda Akil, wadda take karatun digiri na uku a ɗakin binciken Liebeskind, tana cikin waɗanda suka kusanto da amsar. Akwai wani magani mai suna nalokson wanda yake toshe kwaɗon ya hana mofin shiga. Ita da malamanta suka ba ɓera nalokson ba tare da an ba shi mofin ba, sannan suka kunna wutar nan. Sai ƙarfin kashe ciwon ya ragu. Ma'ana, wutar tana sa ƙwaƙwalwa ta saki wani abu nata mai kama da mofin. An buga cikakken sakamakon a 1976. Wannan baiwar Allah ta zama babbar farfesa a Jami'ar Michigan, kuma a 2023 aka ba ta lambar yabo ta ƙasa kan kimiyya a Amurka. 'Yan uwa mata masu karatun kimiyya, ku riƙe sunanta.

A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz a birnin Aberdeen na Birtaniya suka tsamo makullin kansa daga ƙwaƙwalwar dabbobi, suka sa masa suna enkefalin, kalmar Girkanci mai nufin abin da ke cikin kai. A 1976 kuma Choh Hao Li a Kalifoniya ya fitar da wani ɗan uwansa mai ƙarfi daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwar raƙumi. E, raƙumin nan dai da kake gani a kasuwar Maigatari. Waɗannan sinadarai su ake kira endofin a dunƙule, wato mofin na cikin jiki.

Mu fa, ai ba ɓeraye ba ne

Gaskiya ne, shi ya sa aka gwada a mutane. A Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan sojan Amurka, Henry Beecher, ya lura a fagen daga a Italiya cewa mafi yawan sojojin da aka kawo masa da munanan raunuka, da ya tambaye su ko suna son allurar ciwo, sai suka ce a'a. Ya rubuta haka a 1946, amma ba a san dalili a jiki ba sai da binciken ɓera ya zo.

A 1978 Jon Levine da Newton Gordon da Howard Fields suka yi gwaji a kan mutanen da aka cire wa haƙori. Aka yi wa wasu allurar da babu magani a cikinta, su kuma suna tsammanin ta yiwu magani ne, sai ciwon wasu daga cikinsu ya ragu. Da aka ba waɗannan nalokson, sai ciwon ya dawo. Ka ga ke nan ba ƙarya suke yi ba, ba kuma ruɗin kai ba ne. Sa rai da samun sauƙi ya sa ƙwaƙwalwarsu ta saki endofin da gaske. A 2012 masu bincike a Hamburg ta Jamus suka ɗauki hoton lakar mutane da na'ura, suka ga cewa idan aka shagaltar da mutum da aikin tunani mai wuya, saƙon ciwo yana raguwa tun daga laka.

Da wannan bayani za ka sake kallon abubuwan da muka saba gani. Saurayin Bafulatani a fagen sharo, ana zuba masa tsumagiya yana riƙe da madubi yana murmushi. Ɗan dambe da ba ya sanin leɓensa ya fashe sai an raba. Kiɗa, kirari, idon jama'a, kunyar a ce ka yi raki, duk abubuwa ne da suke sa ƙwaƙwalwa ta aiko da oda a rufe shinge. Haka nan a 1979 Daniel Le Bars da abokansa a Faris suka nuna a jikin ɓera cewa ciwo a wani sashe na jiki yana danne ciwon da ke wani sashe. Wannan zai taimaka maka ka gane dalilin da ya sa mai ciwon baya yake jin sakayau bayan wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga. Sai dai a kula: rufe shinge ba warkar da cuta ba ne. Saƙon aka tare, amma abin da ya aiko shi yana nan.

Hanyar tana da fuska biyu

A farkon shekarun 1980 Fields ya sake gano wani abu a tashar RVM ta ɓera. Ma'aikatan wurin iri biyu ne. Akwai ƙwayoyin jijiya masu cewa a rufe shinge, akwai kuma masu cewa a wangale shi. Wato hanyar da take rage ciwo ita ce kuma take iya ƙara shi. Wannan ma rahama ce, domin idan ka yi targaɗe, tsamin da wurin yake yi shi ne yake hana ka taka ƙafar har ta warke.

Matsalar ita ce idan masu wangalewa suka yi rinjaye ba dalili. Fargaba, damuwa mai tsawo da rashin barci duk suna tura ma'aunin zuwa can. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, ƙarƙashin Matthew Walker, suka hana matasa masu lafiya barci na dare ɗaya tak. Washegari zafin da jiya suke iya jurewa ya zama ciwo a wurinsu. Don haka kai da kake kan TikTok har ƙarfe uku na dare saboda data ta fi arha, sannan ka tashi da asuba kana cewa jikinka kamar an yi maka duka, ga wani ɓangare na dalilin.

Inda tiramol ya shigo

Wani kamfani a Jamus ne ya haɗa tiramadol a 1962, aka fara sayar da shi a 1977. Magani ne na gaskiya, likitoci suna rubuta shi bayan tiyata ko karaya. Yana aiki ta fuska biyu, kuma duka a kan hanyar da muke magana. Na farko, idan ya shiga hanta tana juya shi ya zama makullin da ke buɗe kwaɗon endofin. Na biyu, yana hana jiki kwashe sirotonin da noradirenalin bayan sun gama aiki, sai su taru. Shi ya sa mai sha yake jin ciwon jiki ya tafi, kuma yana jin wani karsashi. Ƙarfin da yake ji ba daga ƙwayar ya fito ba. Gajiyar tana nan, tsokar tana nan a wahalce, an dai rufe bakin mai kawo rahoto ne.

Hukumar NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, kuma ko a asibiti ba a so babba ya wuce miligiram 400 a yini. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa mai 200 ne da 225 da 250. Biyu kacal daga mai lamba 225 sun tsallake iyakar yini guda.

Girman abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe ciwo dangin tiramol suka sha ba bisa umarnin likita ba. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma an ƙiyasta kusan mutum miliyan 3. A ranar 1 ga Mayu, 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC. Da aka matsa wa tiramol, sai ga wasu sababbin ƙwayoyi masu sinadarin tafentadol, waɗanda wani rahoton BBC na Fabrairun 2025 ya bi sawunsu har Indiya. Suna ya canza, amma shi ma tafentadol wannan hanya yake hawa.

Wani labari daga maƙwabta zai nuna maka inda abin ya kai. A 2013 wasu masana suka sanar cewa sun samu tiramadol a saiwar tafashiya da aka haƙo a Kamaru, aka yi ta mamakin wai itace yana haɗa maganin Bature. A 2014 wasu masanan daga Jamus suka sake dubawa, suka ce ba haka ba ne: a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru manoma suna sha, suna kuma ba shanun huɗarsu don su jure aiki, fitsari da kashin shanun suka shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. Gwajin da suka ƙara yi daga baya ya nuna sinadarin na masana'anta ne. Har ƙasa ta ƙoshi da ƙwaya.

Bashin da jiki yake karɓa

Yanzu ga abin da nake so ka tafi da shi. Jiki ba ya son a yi masa katsalandan na dindindin. Idan kullum kana cusa makullin waje a kwaɗon nan, sai kwaɗon ya fara taurin kai. Ɗaya da take yi maka a da ta daina, sai biyu, sai huɗu. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a sani ba ya fi muni. A farkon shekarun 2000 Frank Porreca da Todd Vanderah da abokan aikinsu a Jami'ar Arizona suka riƙa ba ɓeraye mofin ba yankewa na kwanaki. Sai ɓerayen suka koma suna jin ciwo fiye da yadda suke kafin a fara, alhali maganin yana jikinsu. Da suka kashe aikin tashar RVM na ɗan lokaci, ko suka yanke layin nan na laka, sai ƙarin ciwon ya ɓace. Ma'ana, yawan maganin ya tayar da masu cewa a wangale shinge. Likitoci suna ganin irin haka a wasu marasa lafiya da suka daɗe a kan wannan dangi na magani.

Fassara wannan zuwa rayuwar yaron da ya fara sha don ya gama noman kadada a yini ɗaya, ko don ya buga bulo ɗari biyu, ko ya kwana a kan babur yana acaɓa. Wata shida baya, ciwon jikinsa na gajiya ne, barci da tuwo suna maganinsa. Yau idan bai sha ba gaɓoɓinsa kamar ana sara, ga hamma, ga majina, ga gudawa, ga rashin barci, ga baƙin rai. Zai ce maka ai shi ba don maye yake sha ba, ciwon jiki gare shi. Kuma ba ƙarya yake yi ba, ciwon yana nan. Abin da bai gane ba shi ne ƙwayar ce ta haifar da kaso mai yawa na ciwon da yake sayen ta dominsa.

Ga kuma haɗarin gaggawa. Tarin sirotonin da sauran tasirin tiramol suna jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Ka yi tunanin hakan ta faru mutum yana kan babur ko a bakin rijiya. Kuma kwaɗon nan akwai irinsa a wurin da ke kula da numfashi, shi ya sa idan abin ya yi yawa, musamman in an haɗa da kodin ko maganin barci ko giya, mutum yake kwanciya numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Kada a haɗa da masu sikila

Akwai ɗaya gefen da dole a faɗa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Idan ciwon ya tashi jini ne yake toshewa a ƙananan hanyoyi har cikin ƙashi. Wannan saƙo ya fi ƙarfin shingen kowa. Mai sikila da yake kuka yana neman allura ba rago ba ne, ba kuma ɗan ƙwaya ba ne. Haka mai ciwon daji, haka wanda ya ƙone. Su magani mai ƙarfi haƙƙinsu ne, a hannun likita, da awo da lokaci. Kuma ƙarfin shingen ya bambanta daga mutum zuwa mutum, don haka daina auna ciwon wani da naka. Su ma masu sikila, shawara ita ce kada a mayar da allura ta zama ta gida ana yi wa kai, domin tarkon da muka bayyana bai san dalilin da ya sa ka fara ba.

A nan gida ma ana wannan bincike

Kada ka ɗauka sai Turai. A sashen nazarin magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da na Jami'ar Bayero Kano, malamai da ɗalibai sun daɗe suna gwada tsirran da masu maganin gargajiya suke bayarwa don ciwo. Suna jiƙa ganye ko saiwa ko sassaƙe su tace, su ba ɓeraye, su auna da irin gwaje-gwajen zafi da muka ambata. Sau da yawa sukan ƙara da nalokson: idan ya kashe aikin tsiron, alama ce ta kwaɗon endofin yake bi. Dabarar Huda Akil ce take aiki a Samaru. Idan kana sakandare kana son kimiyya, ga fage.

Amma idan ka ga wani a Facebook yana tallar garin magani yana cewa jami'a ta tabbatar, tambaye shi: a jikin wa? Gwajin ɓera matakin farko ne. Ba ya gaya maka adadin da mutum zai sha, ba ya gaya maka abin da zai yi wa ƙoda bayan shekara.

Me za ka yi da wannan bayani?

Idan ba ka fara ba, ka san cewa wanda ya miƙo maka ta farko kyauta ba gata ya yi maka ba. Ciwon jikin aiki yana da magani mai arha: barci isasshe, ruwa, abinci, hutu tsakanin aiki, ruwan ɗumi da tausa. Motsa jiki a kai a kai yana ƙarfafa hanyar rage ciwo, an ga haka a dabbobi da mutane. Ciwon da ya wuce mako biyu, ko ya zo da zazzaɓi ko kumburi ko rama, na asibiti ne, ba na mai kyamis ko mai tallar magani a kwali ranar kasuwa ba.

Idan ka riga ka shiga, jiki yana iya komawa daidai, amma yana son lokaci. Kwanakin farko su ne masu wuya, kuma yankewa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha da yawa yana da wahala da haɗari, shi ya sa likita yake rage wa mutum a hankali. Akwai asibitin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Hukumar NDLEA ma tana da layin kira kyauta don neman shawara, 0800 1020 3040.

Idan kuma abokinka ne ya faɗi yana jijjiga, kada ka cusa masa cokali a baki, kada a danne shi. Kawar da abin da zai ji masa rauni, in ta lafa ka kwantar da shi a gefensa. Idan ya yi nauyin barci ba ya tashi, numfashi yana ja da ƙyar, leɓe ya canza launi, kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. A nemi mota a kai shi asibiti mafi kusa, a tafi da fankon abin da ya sha, kuma a gaya wa likita gaskiya. Kunyar minti biyar ta fi zaman makoki na kwana uku.